Kawu Ya Kai Ni Ƙofar Jami'a, Bai Dawo da Ni Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗe ta a bakin titi, na faɗe ta a asibiti, ga shi ina rubuta ta yanzu, amma har yau zuciyata ba ta gama kama abin da bakina ke faɗa ba.

Ranar da Kawu ya rasu babu wanda ya yarda a jin farko. Babbar yayarsa da ke Makka, wadda muke kira Hala, da aka buga mata waya cewa ta yi, "Wane Ustaz ɗin?" Aka ce mata ƙanenta. Ta ce, "A'a, ku dai sake bincikawa. Jiya bayan la'asar muka yi magana, yana ta min faɗa don na daina shan maganin hawan jini." Ta kashe wayar. Jim kaɗan ta kira da kanta, ta ce a ba ta mahaifiyata. Ummi ta karɓa. Muna jin numfashin Hala daga inda muke tsaye. Can ta ce, "Ni ce babba fa. Ni ce mai ciwo."

Mai gasa burodin tamis na bakin layinsu a unguwar Hindawiyya da ke Jidda, wani Ba'afgane, ya zo ƙofar gidan da gari a hannuwansa. Ya tsaya yana kallon masu jera kujerun zaman makoki, yana ta maimaitawa da ɗan Larabcinsa cewa da safen nan Ustaz ya sayi burodi a wajensa, har ya tsokane shi wai ya ƙona gefe. Ya faɗa ya sake faɗa, kamar yana jiran wani ya ce masa an yi kuskure.

Bayan magariba layin ya cika maƙil. Maigidana ya ce ya ga magidanta masu furfura a gemu suna kuka kamar yara, kowa na cewa Ustaz ne ya koya masa lissafi a firamare. Mu mata muna sama. Matar Kawu, da muke kira Inna, tana zaune a tsakiya, idonta a bushe, duk wadda ta rungume ta sai ta ce mata, "Ya ce in ajiye masa abincin rana."

Abin da ya girgiza mutane shi ne Kawu ba mai ciwo ba ne. Ya haura sittin da yawa, amma da gudu-gudu yake hawa matakalar gidansa. Ba ya shan sukari, ba ya cin dare. Shi ne mai kai mutane asibiti, shi ne mai zaman jinya, shi ne mai tsayawa a kan gawa har a rufe ta. Ko a cikin tunani ba mu taɓa kwantar da shi ba.

Ni ce na fita da shi a safiyar ranar, ni ce kuma na dawo babu shi. Shi ya sa duk matar da ta zo gaisuwa, bayan ta ce ya haƙuri, sai ta matse hannuna ta rage murya ta ce, "Me ya ce miki?" A lokacin na kasa amsawa. Yanzu nake so in amsa, kuma da Hausa, don da na rubuta da Larabci na san abin da zai ce. Mu haihuwar Jidda ne, Larabci ya fi mana sauƙi a baki. Ina ƙarama na taɓa kiransa Hali, yadda 'yan ajinmu ke kiran kawunnansu. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Wa ake nema? Ni dai Kawu ne." Tun daga ranar ban sake ba.

Yayan mahaifiyata ne, shi kaɗai namiji a ɗakinsu. Mahaifinsu, Kakanmu, ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, ya ratsa Sudan, ya haye teku, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Ya zauna a Hindawiyya yana dako a tashar jiragen ruwa, har Allah ya sa ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Kawu ne na farko a zuri'armu da ya gama sakandare. Daga nan ya shiga kulliyar malamai, wato kwalejin horon malamai, ta shekara biyu. A zamaninsu, wanda ya yi ƙoƙari a shekara biyun nan yakan samu damar wucewa ya cika digiri, kuma Kawu ya samu. Sai ɓarin jikin Kaka ya shanye. Ga mahaifiya, ga 'yan'uwa mata, babu mai nema sai shi. Ya karɓi aikin koyarwa, ya ce baɗi zai koma. Baɗin ta zo da auren Hala, wata ta zo da na Ummi, wata ta zo da nasa. Abokan karatunsa suka wuce, suka zama shugabannin makarantu. Wasu har ajinsa aka riƙa turo su duba yadda yake koyarwa, ya tashi ya ba su kujerarsa. A wannan ajin na firamare ya yi ritaya.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Idan aka taɓo maganar sai ya ce, "Na tsaya a hanya ne, Allah bai nufa ba," ya sauya zance. Amma duk wanda ya san shi ya san inda abin ya fito. Ya fito a kanmu.

Da zafi, idan sakamakon sakandare ya fito, ɗakin baƙinsa ba ya rabuwa da mutane. Iyaye ne, 'yan'uwa da maƙwabta, da 'ya'yan da makinsu bai kai na jami'a ba. Uba zai shigo yana cewa, "Halas, shi ke nan, Ustaz, yarinyar nan ta gama da ni." Kawu zai zuba masa shayi ya bar shi ya huce, sannan ya ce akwai kulliya ta shekara biyu, a yi difloma, idan an riƙe maki da kyau sai a haye jami'a a cika sauran. Hayewar nan ita ake kira tajsir, kuma ban san kalmar da ta fi fita daga bakin Kawu kamarta ba, in ka ɗebe salati. Wasu iyayen sukan ɓata fuska, su ce ai wannan makarantar waɗanda suka faɗi ce. Sai ya ce, "Zaure ce. Ta nan ake shiga gida. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya shimfiɗa tabarma a zauren ya ce ya iso." Mu da muka tashi a gidajen bene ba mu taɓa ganin zaure ba, sai ya ɗauko biro daga aljihun farar doguwar rigarsa ta tob ya zana mana a bayan kwalin tishu: ga ƙofa, ga zaure, ga tsakar gida. Shi kansa a bakin Kaka ya san shi, sai daga baya da ya je Katsina ya gani da idonsa.

Yana da tsanani a kan abin. Kafin yaro ya yi rajista sai ya sa an je an tambaya ko fannin da ya zaɓa ana hayewa da shi, don ba kowace difloma ce ke da hanyar gaba ba. Ya ga yadda wata 'yar ɗan'uwansu ta kammala shekara biyunta da murna, sannan aka ce mata nata fannin nan ya ƙare. Ya daɗe yana jin zafin abin kamar shi ya jawo. Kuma idan ka shiga, ba ka huta ba. Ƙarshen kowane zango wayarsa za ta shigo. Zai yi sallama, ya tambayi mutan gida, sannan ya yi shiru. Shirun nan mun san ma'anarsa. Idan makin ya yi ƙasa ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Na zangon farko shi ke bin mutum har ƙofar jami'a. Yalla, a gyara." Akwai lokacin da mu 'ya'yan dangi muke gargaɗin juna a waya: Kawu ya fara kira, kowa ya shirya.

Wanda ya fi shan wannan tsanani shi ne babban ɗansa, wanda nake kira Yaya. Yaya ya yi shekara biyunsa a fannin na'urorin sanyaya ɗaki, ya fita da maki mai kyau, aka ba shi gurbi ya haye ya zama injiniya. Kawu ya kira dangi kaf ya sanar. Ashe Yaya ya riga ya kama shago a unguwar Waziriyya shi da wani abokinsa.

Maganar ta fashe ranar ƙaramar salla, muna zaune kan karin kumallo a gidan Kawu, ga cuku da zaitun, ga dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itatuwa mai zaƙi, da Inna ta kwana biyu tana haɗawa. Kawu ya ce, "Yaushe za ku fara?"

Yaya ya ce, "Baba, ba zan je ba."

"Ba za ka je ina ba?"

"Jami'ar. Na iya aikin da nake so. Garin nan kowane ɗaki da mukayyif mai sanyaya shi, kuma kullum lalacewa suke. Ina so in yi aure, ina so in tsaya da ƙafata."

Kawu ya ajiye kofinsa. "An buɗe maka ƙofa ka ce ba ka shiga? Ka san mutum nawa ke neman wannan gurbin?"

"To a ba su."

"Za ka yi nadama. Wallahi za ka yi nadama, ranar da ƙanenka zai zo yana ba ka umarni."

Yaya mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Baba, kai ne ba ka haye ba. Ni ban tsaya a hanya ba, na iso inda za ni."

Ummi ta rufe baki da gyalenta. Kawu ya dubi Yaya, ya daɗe yana dubansa, sannan ya tashi ya wanke hannu ya shiga ɗaki. Bai fito yawon gaisuwar salla ba, abin da bai taɓa yi ba.

Sun daɗe ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Ba gaba suke ba, Yaya na zuwa ya durƙusa, Kawu na amsawa, amma iyakarta ke nan. Da aka yi auren Yaya, Kawu ya tsaya ya yi duk abin da uba ke yi, fuskarsa dai babu walwala. Wata shekara, tsakiyar zafi, mukayyif ɗin ɗakin baƙinsa ya mutu. Ya ƙi kiran ɗansa, ya kuma ƙi kiran wani don kada a ce ya tsallake ɗansa. Ya kafa fanka, yana zaune yana zufa yana karɓar baƙi. Inna ce ta gaji ta kira Yaya a ɓoye. Ya zo da kayan aikinsa, ya gaishe shi, ya hau kujera ya kwance na'urar. Kawu yana riƙe da jarida yana leƙensa ta sama. Da iska mai sanyi ta fara sauka, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A kawo masa abinci." Suka ci tare a faranti ɗaya. Daga ranar suka koma hira. Amma kada in yi wa mamaci ƙarya, Kawu bai taɓa cewa Yaya ya yi daidai ba. Ko a azumin da ya wuce na ji yana ce masa, "Har yanzu fa ana karɓar manya."

Yaya ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Maigidana ya ce da aka gama sai da mutum biyu suka kama shi ya fito.

Akwai wata maƙwabciyar su Kawu, 'yar Kano, da ta zo umara shekarun baya ta zauna, tana aikin gida-gida. 'Yarta a nan aka haife ta, amma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da kowace irin takarda. Yarinyar na da ƙwaƙwalwa, a makarantar unguwa ta yi karatu, Kawu na ƙara mata lissafi da yamma. Da ta girma uwar ta kawo ta, ta ce, "Ustaz, ita ma a sa ta a ta shekara biyun nan." Kawu ya gaya mata gaskiya, cewa babu kulliyar da za ta karɓe ta babu takarda, kuma shi ba zai yaudare ta ba. Ya ce a Nijeriya ma akwai irin wannan hanyar, a yi difloma sannan a shiga jami'a daga aji biyu, idan za ta yarda yarinyar ta tafi.

Matar ta miƙe tsaye. "So kake ka raba ni da 'yata? Ita kaɗai gare ni. Ba ta san kowa a can ba, ko Hausarta dariya za a yi mata."

Ta daina gaishe shi. Kawu bai yi fushi ba, bai kuma bari ba. Ya yi ta waya da dangin Kaka a Katsina har ya samu gidan da za su riƙe ta kamar tasu. Da hukuma ta yi rangwame ga marasa takarda su fita ba tare da hukunci ba, uwar da kanta ta zo ta ce ta yarda. Yarinyar ta tafi tana kuka. Ta zauna jarrabawar sakandare a can, ta yi diflomarta, ta haye. Yanzu haka tana ajin ƙarshe. Kwana biyu da rasuwar ta kira uwarta ta bidiyo, muna zaune, aka miƙa wa Inna wayar. Ta buɗe baki ta ce, "Inna, wa zan gaya wa—" sai muryarta ta ɗauke. Muka yi ta kallon fuskarta a wayar tana girgiza kai har layin ya yanke.

Ni kuwa tawa diflomar ta jinya ce. Kawu ne ya zaɓa min kulliyar, bayan ya tabbatar ana hayewa da ita. Na gama, na samu aiki a wani asibiti, na yi aure, muka koma unguwar Safa, na haifi 'ya'ya uku. Ina son aikina. Amma duk wadda ta shigo da digiri, ko jiya ta fito daga makaranta, a samana take, kuma akwai ɗakunan da ba a sa mai difloma. Kawu ya sani, don shi ba ya mantuwa. Duk zuwan da zai yi gidana, zai ɗauki ƙaramin ya yi masa wasa, ya sha gahawa, sannan a bakin ƙofa, yana sa takalmi, ya ce, "An buɗe tajsir fa." In ce, "Kawu, yara." Ya ce, "Yara girma suke yi. Ke ma haka." Shekara da shekaru muna haka. Bana na nema. Na gaya masa a waya an kira ni jarrabawar shiga. Ya ce, "Ni zan kai ki."

Na ce ina da mota, na iya tuƙi. Ya ce ranar jarrabawa ba a tuƙi, kuma duk 'ya'yan gidan nan shi ya kai su, ba a kaina za a fara sauyawa ba.

Ya zo da wuri cikin tsohuwar motarsa, ya shafa turare, tob ɗin nan ta sha guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A hanya bai yi wata magana mai nauyi ba. Ya yi mita a kan gyaran titi da ba ya ƙarewa. Ya tambaye ni ko na karya, na ce eh, ya ce bai yarda ba, ya miƙo min burodin tamis a leda, na gutsura don ya bar ni. Ya ce in karanta kowace tambaya sau biyu. Na dube shi a lokacin, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san fuskar mai ciwon zuciya. Babu zufa, babu haki, babu komai. Dariya ma yake yi. Da muka isa ƙofar ɓangaren mata ya tsaya, na ce ya koma gida zan hau tasi. Ya ce, "Yalla, ki shiga. Zan nemi inuwa."

Ga masu tambayata, abin da ya ce ke nan. Babu wasiyya, babu sallama.

An karɓi wayoyinmu a ƙofar ɗakin jarrabawa. Na zauna na rubuta, kuma ta yi min sauƙi, har ina murmushi ina tsara yadda zan ba shi labari. Na fito da sauri. Daga bakin ƙofa na hango motarsa ƙarƙashin wata darbejiya, ƙofar direba a buɗe, maza sun yi da'ira. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka ya samu masu sauraro ne, yana yi musu bayanin tajsir. Sai na ga takalminsa, ƙafa ɗaya, a gefen taya.

Mai gadi ya tare ni yana cewa in ja baya. Na ce, "Kawuna ne, ni ma'aikaciyar jinya ce," na ture hannunsa. Sun kwantar da shi a ƙasa. Wani direba da ke jiran 'yar gidansu yana ta bayani, wai sun yi hira, sannan Ustaz ya koma mota ya jingina kai, kowa ya ɗauka barci yake, sai da aka zo roƙonsa ya ɗan matsar da motar. Na durƙusa na taɓa wuyansa. Jikinsa da ɗumi, na ce alhamdu lillahi, na manta cewa a zafin ranar Jidda komai da ɗumi yake. Na ɗora hannuwana a ƙirjinsa na fara dannawa, yadda na yi wa mutanen da ban san sunansu ba sau ba adadi. Hannuwana suna aikinsu, bakina kuma yana kira, "Kawu. Kawu. Na fito." Na ji ƙashin haƙarƙarinsa ya motsa ƙarƙashin tafina. Rediyon motar na kunne, ana karatun Alƙur'ani, babu wanda ya tuna ya kashe. Ban daina ba har motar asibiti ta iso, wani ya dafa kafaɗata ya ce in ba shi wuri. A asibiti likita ya fito yana neman kalmar da zai fara da ita. Na ce masa ya bari, na sani. Tun a bakin titi na sani.

An kai shi Makka aka yi masa salla, aka rufe shi a can.

Bayan an watse daga zaman makoki, saƙo ya shigo wayata cewa an ɗauke ni. Ina tsaye a kicin. Na karanta, na ajiye wayar a kan firji, na ci gaba da yanka albasa. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Na ce masa ba zan je ba. Ba zan iya bin ƙofar nan kullum ba, in wuce wurin da na durƙusa. Ya ce duk abin da na zaɓa shi ke nan, amma ashe ya gaya wa Ummi, Ummi kuma ta kai wa Inna.

Inna na cikin takaba, ba ta fita. Ta aiko in zo. Na same ta a ɗakin baƙin Kawu, ita kaɗai, ta rame. Ta sa na zauna kusa da ita. Ba ta yi min wa'azi ba, ba ta ce don shi zan yi ba.

Ta ce, "Ni fa ban yi boko ba. Tun da na shigo gidan nan nake jin maganar nan, wane ya shiga, wance ta haye, wane makinsa ya faɗi. Ina dafa shayi ina ji, ina shara ina ji. Har nakan ce masa, Malam, don Allah a yi wata hirar mana. Na gaji da ita, wallahi na gaji." Ta dubi kujerun da babu kowa a kai. "Yanzu tun safe har dare ba mai cewa komai. Ki je ki yi karatunki. Ranar Juma'a ki zo ki zauna nan ki ba ni labari, abin da aka koya muku, wa ya ci wa ya faɗi. Ko ban gane ba, ki faɗa."

A ranar ne na ga hawayenta na farko.

Na fara zuwa. Ranar farko na ajiye motata can nesa, na tako da ƙafa, kaina a ƙasa. Na yi niyyar in wuce ba tare da na duba ba, amma na duba. Akwai wata mota a ƙarƙashin bishiyar, da wani dattijo a ciki, ya sauke gilashi, ya jingina kai, idonsa a rufe. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na buga ƙofar motar da ƙarfi. Ya zabura ya buɗe ido.

Na ce, "Baba, lafiyarka ƙalau?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata. Jikata nake jira."

Na ciro gorar ruwan da ke jakata na ba shi. Ya karɓa yana ta godiya, bai san dalili ba. Na tsaya har sai da ya sha, sannan na shiga.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka ba tare da ya yi sallama da kowa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Inna haƙuri, ka ba Hala da Ummi, ka ba Yaya. Mu kuma da ya bari, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.